Amon Tulu

A Mai Wurno, kakata Iya Lantana
ba ta sayar da tulu sai ta ƙwanƙwasa shi.
Ta lanƙwasa yatsa, ta kai kunne,
ta ce, "Wannan yana da rai."
Na kusa da shi ta ce, "Maƙaryaci ne,"
ta tura shi bayan ɗaki, kaji su sha ruwa a ciki.
Ni ban ga tsaga ba. Ita ma ba ta gani ba.
Ji ta yi.

Yau ga ni a Atbara, shekarar ƙarshe,
garin da guduma ke riga zakara tashi.
Farar riga, tabarau na roba,
safar hannun da ta fi hannuna girma.
Ustaz Tajussir ya ɗaura sandar ƙarfe a inji,
ya ce mu ja ta har ta faɗi gaskiya.
Ta miƙe, ta yi siririn wuya irin na zabuwa,
ta yi haƙuri,
ta ƙara haƙuri,
sai ɗas!
Muka rubuta lambar da haƙurinta ya ƙare.

Mujtaba tun aji biyu ya gama shawara:
Jubail, in ji shi, inda bututu ke da tsawon yini.
Yana haddar ƙa'idojin walda da Turanci
kamar mai shirin musabaƙa.
Intisar ta ce siminti, nan bakin gari,
don ta riƙa kwana kusa da uwarta,
gefen laffayarta ya riga ya yi furfura.
Ɗanjuma ya ce zinariya, can cikin hamada,
wai talauci ma narkar da shi ake yi.

Ni wata biyu na yi a Fot Sudan, koyon aiki,
inda gishirin teku ke cin ƙarfe ba bisimilla.
Tsatsa ba ta ihu.
Tana zuwa kamar bashi, kaɗan-kaɗan,
ranar biya kuma a rasa tanki.
Tsoho Ohaj, shugaban ma'aikata,
ya miƙo mini na'ura kamar guntun sabulu,
ya ce in shafa mai, in ɗora kan ɗinkin walda.
Layi ya yi tsalle a gilashi.
Ya ce, "Nan wurin ƙarya yake yi."
Na yi dariya har ya tsargu.
Yaya zan gaya masa kaji na tuna?

Kada a ce hanyar shimfiɗaɗɗiya ce.
Lissafin zafi ya kayar da ni sau ɗaya,
na maimaita shi da jan ido da shayin Hajja Batul.
Takardar neman aiki bakwai na aika,
biyu suka amsa, ɗaya ta ce in jira.
Ƙanina da ke son biyo sawuna,
na ce masa: littafi, i, ka cinye shi,
amma ran Juma'a ka shiga wurin 'yan gwangwan,
ka ɗauki karyayyen gatari, ka dubi bakin karayar,
ka tambaye shi me ya faru.
Wanda bai iya tambayar matacce ba,
kada a ba shi amanar gada.

Jiya na kira Iya.
Ta ce, "Wai ke me kike karantawa har yau?"
Na ce, "Ƙwanƙwasa nake koyo."
Ta yi shiru, ta ce, "Shekara biyar?
Da kin zauna rani ɗaya na koya miki."
Sannan, kafin layi ya yanke:
"Ko nawa aka taya, kada ki sayar da mai tsaga."

Takardu biyu na kan tebur,
ɗaya na warin teku, ɗaya na warin toka.
Jirgin dare ya yi kuka ya wuce.
Na lanƙwasa yatsa.
Ban sa hannu ba tukuna,
ina saurare.